Mai kulob ne ko mai sharhi? Tom Brady da matsayin kwatabak a zari-rugar Amurka

A watan Agustan 2023 aka sanar cewa wani Ba'amurke mai suna Tom Brady ya sayi ɗan hannun jari a kulob ɗin Birmingham City na Ingila. Masu bin ƙwallon Turai suka ji ana kiransa gwarzon ɗan ƙwallon ƙafa, alhali ba wanda ya taɓa ganinsa a gasar cin kofin duniya ko ta zakarun Turai. A Oktoban 2024 wani labarin ya biyo baya: masu kulob-kulob na NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, sun amince ya mallaki kashi 5 cikin ɗari na Las Vegas Raiders, wata ɗaya bayan ya fara sharhin wasannin wannan gasa a tashar Fox kan kwantiragin dala miliyan 375 na shekara goma. Nan take hukumar gasar ta gindaya masa sharuɗɗan da ba ta ɗora wa sauran masu sharhi ba, ciki har da hana shi shiga sansanin kowane kulob ban da nasa.

Abu biyu ne suka ɗaure wa mutane kai. Me ya sa za a biya mutum kuɗin magana da ya zarce albashin da ya tara a shekara 23 yana cikin fili? Kuma me kulob-kulob ke tsoro a wurin wanda ya riga ya rataye takalmi? Amsar duka biyun tana cikin aikin da ya yi a fili, wato aikin kwatabak.

Wasan da kansa

Amurkawa na ce masa ƙwallon ƙafa, amma kusan duk wasan da hannu ake yinsa, shi ya sa ake kiransa zari-rugar Amurka. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a kowane ɓari. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da ake auna shadda da shi, wato kimanin mita 91, sannan akwai gida mai zurfin yadi 10 a kowane ƙarshe. Kowane ɓangare na saka mutum 11 a lokaci guda, amma kulob na da 'yan wasa 53, domin masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, masu bugun ƙafa daban.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba da yadi 10. In ya cika, a ba shi wasu huɗun. In ya gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokin karawa ya ci maki 6, abin da ake kira tacdawun, sannan ya nemi ƙarin maki 1 ko 2. Bugun ƙafa da ya bi tsakanin sanduna maki 3 ne. Minti 60 ake bugawa, kashi huɗu na minti 15, amma saboda tsaida agogo wasa kan ci awa uku.

Kulob 32 ne a gasar, kuma babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a Ingila. Kowanne na buga wasa 17 a kaka (16 ne kafin 2021), 14 su wuce zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, biyu su haɗu a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl a watan Fabrairu.

Abin da kwatabak ke yi cikin daƙiƙa 40

Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kusan kowane yunƙuri. Shi zai ba mai gudu a hannu, ko ya jefa wa wani a gaba, ko ya ruga da kansa. Jifa gaba sau ɗaya tak aka yarda a yi a kowane yunƙuri, kuma dole daga bayan layin da aka fara. Saboda haka duk shawarar hari a hannunsa take ƙarewa.

Tsakanin yunƙuri da yunƙuri akwai daƙiƙa 40. Koci na faɗa masa tsarin da za a bi ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, amma ana katse layin idan saura daƙiƙa 15. Daga nan ya rage shi kaɗai. Zai tara mutanensa goma ya faɗa musu tsarin, su jeru, sannan ya ɗaga kai ya karanta tsayuwar masu tsaro. Mutum nawa ne a can baya, ɗaya ko biyu? Kowa mutum yake bi, ko yanki aka raba musu? Akwai alamar za su turo ƙarin mutane su afka masa? Majiya ƙarfi biyar ne ke tsaye gabansa suna kare shi. Idan masu afkowa shida ne ko bakwai, lissafi bai cika ba, dole ya nuna wa masu kare shi wanda kowa zai tare, ko ya canza tsarin gaba ɗaya da wasu kalmomin sirri kafin agogo ya ƙare.

Da ƙwallo ta shigo hannunsa, yana da kimanin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. Zai ja baya taku uku, biyar ko bakwai, gwargwadon nisan jifar, ya duba mai karɓa na farko. In an rufe shi, na biyu. In an rufe, na uku. Ba ya jiran ya ga mutum ya kuɓuce. Wurin da mutumin zai isa yake jefawa, sau da yawa kafin ma ya waiwayo.

Hanyoyin ɓaci uku ne. In ya makara, a kayar da shi da ƙwallo a hannu, a yi asarar yadi da kuma dama guda. In ya yi kuskuren karatu, mai tsaro ya cafke jifar, hari ya juye. In an buge shi ƙwallo ta suɓuce, wanda ya fara dira kanta shi ke da ita. Masu tsaro sun san haka, don haka aikinsu yaudara ne: su nuna tsayuwa ɗaya kafin a fara, su juya zuwa wata da zarar an fara. Maganin wannan ba ƙarfin dantse ba ne. Awoyi ne na kallon bidiyon abokan karawa a cikin mako, har mutum ya gane cewa in wane ya ɗan matso taku biyu, to ga abin da ke tafe. Wannan ilimin shi ne jarin Brady, kuma shi ne abin da ma'aunin gudu ba ya nunawa.

Lamba ta 199

An haifi Brady ranar 3 ga Agustan 1977 a San Mateo da ke jihar Kalifoniya. Ya shiga Jami'ar Michigan, ya shafe shekarunsa na farko a benci, kuma ko da ya samu gurbi a 1998 da 1999 sai da ya yi ta gogayya da wani matashi, Drew Henson, wanda ake ganin ya fi shi baiwa. Wasansa na ƙarshe a jami'a, a Janairun 2000, sun doke Alabama da ci 35 da 34.

A Amurka ba a sayen matashi daga makarantar horo kamar a Turai. Duk shekara kulob-kulob na zaɓen waɗanda suka fito daga jami'o'i bi da bi, zagaye bakwai, kuma wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, don a rage tazara tsakanin manya da ƙanana. Kafin zaɓen akan tara matasan a birnin Indianapolis a auna tsayi, nauyi, tsalle da gudun yadi 40. Brady ya yi wannan gudu a daƙiƙa 5.28, wanda ko a tsakanin masu matsayinsa jinkiri ne. Aka zaɓi kwatabak shida kafin shi. New England Patriots ta ɗauke shi a zagaye na shida, mutum na 199. A kakarsa ta farko jifa uku kacal ya yi, ɗaya ta isa.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Ranar 23 ga Satumban 2001 ɗan wasan New York Jets, Mo Lewis, ya bangaji kwatabak ɗin Patriots, Drew Bledsoe, har ya samu zubar jini a cikin ƙirji. Watanni kaɗan kafin nan Bledsoe ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 103. Brady ya shiga, kuma da Bledsoe ya warke koci Bill Belichick ya ƙi mayar masa da gurbinsa. A Fabrairun 2002 suka ci kofi, bayan doke St. Louis Rams da ci 20 da 17.

A hanyar zuwa wannan kofi akwai hukuncin da har yau ake gardama a kansa. A wasa da Raiders cikin dusar ƙanƙara, an buge Brady ƙwallo ta faɗi, Raiders suka dira kanta, wasa ya zo kusan ƙarshe. Alƙalai suka duba bidiyo suka ce hannunsa na tafiya gaba, don haka bisa dokar lokacin jifa ce da ba ta isa ba. Ƙwallo ta dawo wa Patriots, suka rama, suka yi nasara. An soke wannan doka a 2013. Kulob ɗin da abin ya faɗa wa a ranar shi ne wanda Brady ke da hannun jari a cikinsa yanzu.

Sauran tarihin a taƙaice: kofi shida da Patriots (2002, 2004, 2005, 2015, 2017, 2019), na bakwai da Tampa Bay Buccaneers a 2021 yana da shekara 43. Ya je wasan ƙarshe sau goma, ya sha kashi sau uku. Gwarzon kaka sau uku, a 2007, 2010 da 2017. Jifansa a wasannin kaka sun kai yadi 89,214 da tacdawun 649, kuma babu wanda ya kamo shi a duka biyun. A wasan ƙarshe na 2017 Atlanta na gabansu da ci 28 da 3, suka farke suka ci 34 da 28. Ya sanar da ritaya a Fabrairun 2022, ya janye bayan kwana 40, sannan ya tafi gaba ɗaya ranar 1 ga Fabrairun 2023 yana da shekara 45.

Wannan tsawon rai a fili yana da dalilai fiye da abinci da atisayen da shi yake yawan ambata. Yana sakin ƙwallo da wuri, don haka bugun da yake sha ya ragu. Ba ya dogara da gudu, don haka shekaru ba su ƙwace masa makaminsa ba. Kuma dokoki sun ƙara kare masu matsayinsa: bayan an tsinka masa jijiyar gwiwa a wasan farko na 2008 ya rasa kakar gaba ɗaya, an tsaurara hukunci kan mai tsaron da ke ƙasa ya kai wa gwiwar kwatabak cafka.

Rikicin iskar ƙwallo

Babban tabon da ke tarihinsa ya fito ne daga wasan kusa da na ƙarshe da Indianapolis Colts a Janairun 2015. Doka ta ce iskar ƙwallo ta kasance tsakanin 12.5 da 13.5 a irin ma'aunin da mai faci ke gwada taya da shi. Tun 2006 kowane kulob ke shirya ƙwallayen da zai kai hari da su, alƙali ya auna kafin wasa. Ƙwallo mai ɗan laushi ta fi sauƙin riƙo cikin ruwa da sanyi. Da aka tafi hutun rabin lokaci aka auna ƙwallaye 11 na Patriots, duk suna ƙasa da 12.5.

Lauyan da gasar ta ɗauka ya yi bincike, Ted Wells, ya ce mafi rinjayen zato shi ne ma'aikatan kulob biyu sun sace iska da gangan, kuma Brady na da masaniya a dunƙule. Ya dogara da saƙonnin waya tsakanin ma'aikatan, da kuma cewa ɗayansu ya shiga banɗaki da jakar ƙwallayen bayan an auna. Daga baya ta fito cewa Brady ya sa an lalata wayarsa, abin da hukumar ta ɗauka ƙin ba da haɗin kai.

Masu kare shi suka kawo hujjar kimiyya: iskar da aka auna a ɗaki mai ɗumi dole ta ragu a ma'auni idan an fita da ita cikin sanyi da ruwa, kamar yadda taya kan nuna ƙasa da safiyar hunturu. Suka ƙara da cewa ma'auni biyu aka yi amfani da su kuma ba su daidaita da juna ba, ba a rubuta alƙaluman kafin wasa ba, sannan ƙwallaye huɗu kawai na Colts aka gwada. Kuma da aka cika iskar a rabi na biyu, Patriots sun ci maki 28 ba ko ɗaya.

An dakatar da shi wasa huɗu, an ci tarar kulob dala miliyan 1, an ƙwace musu gurbi biyu a zaɓen 'yan wasan jami'a. Wani alƙalin tarayya ya soke dakatarwar a Satumban 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a Afrilun 2016. Abin lura shi ne kotunan ba su yanke hukunci kan ko an sace iska ba. Tambayar da ke gabansu ita ce ko yarjejeniyar da ke tsakanin gasa da ƙungiyar 'yan wasa ta ba shugaban gasar, Roger Goodell, ikon yanke hukunci kuma ya saurari ƙarar da aka ɗaukaka da kansa. Kotu ta ce ta ba shi. Hukuncin ya kuma yi nauyi ne saboda a 2007 an riga an kama kulob ɗin da ɗaukar bidiyon alamun kocin abokan karawa daga wurin da aka haramta.

Shi ne, ko tsarin koci?

Masu cewa tsarin Belichick ne ya yi Brady suna da abin nunawa. A kofin farko yadi 145 kawai ya jefa, masu tsaro ne suka riƙe wasan. A 2008 da ba ya nan, Matt Cassel, wanda bai taɓa fara wasa a jami'a a matsayin kwatabak ba, ya ci wasa 11 cikin 16. A 2016 sun ci uku cikin wasa huɗun da aka dakatar da shi. Kofin 2019 da ci 13 da 3 aka ɗauke shi.

Ɗaya ɓangaren na nuna abin da ya biyo bayan rabuwarsu a Maris 2020. Tampa Bay ta yi shekara 12 ba ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, kuma kwatabak ɗinsu na 2019 an cafke masa jifa 30. Brady ya zo, kaka ɗaya suka ɗauki kofi. Patriots kuwa a kaka huɗu bayansa sau ɗaya suka ci fiye da rabin wasanninsu, har suka rabu da Belichick a Janairun 2024.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, amma ba ta share ta farko ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wasan ƙarshe na 2021 masu tsaron Tampa sun hana Patrick Mahomes da Kansas City cin tacdawun ko ɗaya. Abin da Brady ya kai Tampa shi ne rage kuskure a kulob ɗin da ke da sauran kayan aiki.

Iyakar albashi, da dalilin tsadar kwatabak

Tun 1994 gasar ta ƙayyade jimillar albashin da kowane kulob zai biya 'yan wasansa a shekara. An fara da dala miliyan 34.6, a 2025 ya kai miliyan 279.2. Mai kuɗi ba zai iya sayen kowa ba kamar yadda ake gani a ƙwallon Turai. Duk dalar da aka ba mutum ɗaya an rage ta ne daga rabon sauran 52.

Duk da haka kwatabak ke kwashe kaso mafi tsoka, saboda ƙwararru a matsayin ba su kai yawan kulob-kulob ba. A 2020 Mahomes ya sa hannu kan dala miliyan 450 na shekara goma. A 2024 Dak Prescott na Dallas ya kai miliyan 60 a shekara, sama da kashi ɗaya cikin biyar na iyakar albashin a lissafin tsaka-tsaki. Masu kare shi da masu gudu, waɗanda jikinsu ya fi shan bugu, ba sa kusantar wannan, shi ya sa ake yawan jin ƙorafin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai dabaru biyu da ya kamata mai karanta waɗannan alƙaluma ya sani. Na farko, adadin da ake sanarwa ba shi ne ake biya dole ba; abin da ke da tabbas shi ne kason da aka lamunce, sauran kuwa kulob na iya sallamar ɗan wasa ya tsira da shi. Shi ya sa kwantiragin Deshaun Watson na 2022, dala miliyan 230 duka lamuntacce, ya ta da ƙura a tsakanin masu kulob. Na biyu, kuɗin sa hannu ana biyansa nan take amma a littafin lissafi ana raba shi har shekara biyar. Kulob kan mayar da albashi kuɗin sa hannu don ya samu sarari bana, bashin ya jira shi gaba. Da Brady ya yi ritaya, Tampa ta ɗauki kimanin dala miliyan 35 a lissafinta na 2023 kan mutumin da ba ya cikin fili.

A shekarunsa na Patriots Brady ya sha karɓar ƙasa da abin da kasuwa za ta ba shi, aka yi amfani da rarar wajen riƙe wasu 'yan wasa. Wasu na yaba wannan a matsayin sadaukarwa. Wasu a ɓangaren 'yan wasa na ganin ya ba masu kulob hujjar matsa wa sauran da ba su da kuɗin talla irin nasa. Jimillar albashinsa na fili ya tsaya kusa da dala miliyan 333.

Hula biyu a kai ɗaya

Dala miliyan 37.5 a shekara don sharhi kuɗi ne mai yawa, amma a auna shi da cinikin da ke bayansa. A 2021 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanni kan sama da dala biliyan 100 na shekara 11, kuma kason Fox kaɗai ya haura biliyan 2 a shekara. Wasan ƙarshe na Fabrairun 2025, wanda Brady ya yi sharhinsa, sama da mutum miliyan 127 suka kalla, tallan daƙiƙa 30 kuma ya kai dala miliyan 8. Tashar na sayen suna ne da kuma idon da zai gaya wa mai kallo abin da masu tsaro ke shirin yi kafin su yi.

Wannan idon shi ne matsalar sauran kulob-kulob. Al'ada ce kwana ɗaya ko biyu kafin wasa masu sharhi su zauna da koci da kwatabak, su kalli atisaye, a gaya musu abubuwan da ba na yaɗawa ba: wa ke fama da ciwo, wane tsari za a gwada, wane matashi ake sa rai a kansa. Mai sharhi na yau da kullum ba shi da inda zai kai wannan. Mai hannun jari a Raiders yana da shi. Don haka a 2024 aka hana Brady halartar waɗannan zama, aka hana shi sansani da atisayen wasu, aka ɗora masa dokokin masu kulob kan caca, kan zawarcin ma'aikatan wani, da kan sukar alƙalai a bainar jama'a. A 2025 an sassauta, aka bar shi ya shiga zaman ta bidiyo daga nesa.

Abubuwa biyu suka ƙara zafafa batun. A Janairun 2025 ya yi sharhin wasan Detroit a lokacin da mai tsara harinsu, Ben Johnson, ke cikin waɗanda Raiders ke nema su zama koci. A Satumban 2025 kuma kyamara ta nuna shi zaune a ɗakin kocin Raiders da na'urar sauraro a kunne ana tsakiyar wasa. Hukumar gasar ta ce babu dokar da ta hana mai kulob yin haka.

Masu ganin babu laifi na cewa koci ne ke zaɓen abin da zai faɗa a zama, kuma bidiyon kowane wasa na hannun kowane kulob, don haka sirrin da ya rage kaɗan ne. Suna kuma nuna cewa Raiders ba su zama zakaru ba tun shigowarsa. Masu adawa na cewa ribar ba a wasan wannan mako take ba. Tana cikin sanin wane mataimakin koci ne mai kaifin kai, wane ɗan wasa ne bai ji daɗin kulob ɗinsa ba, bayanan da ke amfani lokacin ɗaukar ma'aikata. Kan wannan ƙorafi na biyu sharuɗɗan da ake da su ba su ba da cikakkiyar amsa ba.

Inda abin ya taɓa sauran mutane

Mai kallo shi ne na farko. Idan alƙali ya yi kuskure a wasa mafi girma na mako, mutumin da ke riƙe da makirufo yana ƙarƙashin dokar da ta taƙaita bakinsa. Idan kuma koci-koci suka rage abin da suke faɗa a zama, sharhin da ke isa gida ya ragu.

Na biyu masu bin shahararru wajen zuba kuɗi. Brady ya tallata kamfanin kuɗin kirifto na FTX, wanda ya durƙushe a Nuwamban 2022 da ajiyar jama'a. Shi ma ya yi asarar hannun jarinsa, kuma masu ajiya sun kai shi ƙara tare da wasu taurari. A 2025 alƙali ya yi watsi da akasarin zarge-zargen. A Birmingham kuwa ƙaramin mai jari ne, ragamar na hannun kamfanin Knighthead na Tom Wagner. Kulob ɗin ya faɗa rukuni na uku a 2024, ya dawo a 2025 da maki 111.

Na uku iyaye da matasa. Shekara 23 ta Brady ba ita ce ƙa'ida ba. A lissafin ƙungiyar 'yan wasa matsakaicin zama a gasar ya ɗan haura shekara uku, kuma ƙasa da 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ke samun shiga. Wani bincike na Jami'ar Boston a 2017 ya sami cutar lalacewar ƙwaƙwalwa mai nasaba da yawan bugun kai a 110 cikin ƙwaƙwale 111 na tsofaffin 'yan NFL da aka duba bayan rasuwarsu, ko da yake iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da su, don haka adadin ba na dukkan 'yan wasa ba ne. Andrew Luck, wanda aka zaɓa a lamba ta 1 a 2012, ya bar wasa yana da shekara 29 saboda raunuka.

A Afirka hanyar shiga ta bi ta hannun Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, wanda ke cikin masu tsaron New York Giants a wasannin ƙarshe biyu da suka doke Brady, a 2008 da 2012. Umenyiora ke jagorantar shirin gasar na nahiyar, wanda ya yi sansanin gwaji a Accra a 2022 da Legas a 2024. Tun 2024 kowane kulob na da ƙarin gurbi ɗaya a tawagar atisaye don ɗan wasa daga wajen Amurka. Waɗanda ake ɗauka ta wannan hanya galibi masu tsayi da ƙarfi ne da za a koya wa tarewa ko afkawa cikin 'yan watanni. Matsayin kwatabak na buƙatar shekaru na karatun tsayuwar masu tsaro tun daga makarantar sakandare. Ƙofar da ta fi kusa ita ce nau'in wasan da ba a kayar da mutum, inda ake fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa a maimakon bangaza. Mutum biyar-biyar ake yi, ba ya buƙatar hular kwano ko sulke, maza da mata na bugawa, kuma yana cikin wasannin Olamfik da za a yi a Los Angeles a 2028.